Tambaya da Amsa: In bar aikin kilawud in koma bulokcen?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni injiniyan kilawud ne (kula da manyan kwamfutocin da ake haya ta intanet) a Jidda, shekara shida ina fama da kayan aikin kilawud irin su AWS da Kubernetes, iƙamata (takardar izinin zama) kuma a hannun kamfanin da nake wa aiki take. Wani kamfanin waje ya min tayin kula da nod ɗinsu, wato kwamfutocin da ke tafiyar da bulokcen (kundin hada-hadar kuɗin kirifto) na Ethereum, daga gida, rabin albashi dala, rabi tokin ɗinsu, wato kuɗin kirifto nasu. Dan Allah in karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ta fannin aiki dai ba baƙo za ka zama ba, Linux ne, Terraform ne, Grafana ce, sai tashin tsakar dare in saba, wato babbar kwamfutar, ta faɗi, duk ka saba. Abin da za ka koya shi ne manhajojin nod kamar Geth da Lighthouse, da yadda ake adana makulli, wato lambar sirrin da nod ke sa hannu da ita.

Amma akwai ɗabi'a ɗaya ta ƴan kilawud da za ta iya kai ka ƙasa. Ku a wajenku in ana tsoron saba ta mutu sai a tada ta biyu su yi aiki tare, wannan shi ne hankali. Toh a Ethereum tun da suka koma tsarin ajiye jingina a Satumban 2022, kowane mai tabbatar da hada-hada aƙalla ETH 32 (kuɗin Ethereum) ake ajiye masa, kuma in ka kunna makulli ɗaya a na'ura biyu har suka sa hannu kan abu biyu masu karo da juna, zaftare kuɗin za a yi a kore shi daga tsarin, babu wanda za ka kira ya dawo maka da shi. Gara nod ta kwana a kashe, asarar kaɗan ce. Ka fara gwadawa a Hoodi, filin gwajin Ethereum, can kuɗin na wasa ne.

Ni inda hankalina bai kwanta ba shi ne iƙamar nan. Kamfanin da ba shi da rajista a Saudiyya ba zai ɗauki kafalarka ba, kuma mai gidan haya riyal yake karɓa ba tokin ba, ka tambayi waɗanda faɗuwar kasuwar kirifto ta FTX a 2022 ta rutsa da su. Ka ce su biya ka duka da dala a rubuce tukuna. In kuma nan kake son zama, leƙa bankuna, don SAMA, babban bankin Saudiyya, ya taɓa shiga mBridge, gwajin tura kuɗin dijital tsakanin ƙasashe ta bulokcen, a 2024, masu irin hannunka za a nema.