Filin Tambaya da Amsa: Karin Waƙa, Amsa-amo da Maimaici

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Gombe. Na rubuta waƙa ƙwar biyu a kan gaskiyar da ke raina, amma malaminmu ya ce karinta ya karye, kuma na cika maimaita kalmar "gaskiyata". Ga baitin farko: "Ina son faɗin gaskiyata a yau / Ko da 'yan'uwana za su ce babu kyau."

Amsa: 'Yata, malaminki yana da gaskiya a kan kari. Ɗangonki na farko, wato layin farko na baitin, ya hau Mutaƙarab daram, ɗaya daga cikin karuruwan da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Ƙafar wannan karin, wato rukunin gaɓoɓin da ake maimaitawa, ita ce fa'ulun, wato gaɓa gajera ɗaya sannan dogaye biyu. Ki rera shi a hankali kina buga yatsa a kan tebur: i-naa-son, fa-ɗin-gas, ki-yaa-taa, a-yau. Ɗango na biyu kuwa ya fara da doguwar gaɓa, "ko", a gurbin gajera, sannan "za" ta ƙara nauyin da ƙafa ta uku ba ta ɗauka. Da kin ce "Walau 'yan'uwana su ce babu kyau", da harshe ya wuce ba tuntuɓe, ma'anar kuma tana nan yadda kika nufa.

Amsa-amon, wato sautin da baitoci ke ƙarewa da shi, shi ne ya fi damuna. Kalmomin da ke ƙarewa da "au" ba su da yawa a Hausa: yau, kyau, hau, sau, sai 'yan kaɗan. Kafin baiti na goma za ki fara jawo kalma don ta dace da sauti kawai, ki faɗi abin da ba shi ne a ranki ba, alhali waƙar a kan gaskiyarki take. Marigayi Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958, ya ɗora waƙarsa "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" a kan "ya", sautin da kalmominsa ke da yalwa.

A kan maimaici kuwa ban goyi bayan malaminki gaba ɗaya ba. Ki bar "gaskiyata" ta riƙa dawowa, muddin duk dawowarta tana tafe da sabon abu, yau a gaban iyaye, gobe a gaban ƙawaye. Baitin da kika ga ta zo hannu rabbana, shi za ki sake.