Kar a bari walda ta taɓa sandar sitiyari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wata ƙaramar mota da hannuna a nan Maradi. Na gama shasi da bututun ƙarfe, ƙafafun gaba da rak ɗin sitiyari (dogon ƙarfen nan mai haƙora da ke tura tayoyi hagu da dama) kuwa daga tsohuwar mota na ciro su. Da na zo ɗaurawa sai na tarar rak ɗin ya fi shasin faɗi, tayoyi sun ƙi daidaita. Mai walda ya ce a yanke sandunan sitiyari, waɗanda ke haɗa rak da tayoyi, a rage musu tsawo a liƙe, wai aikinsa ne na kullum. Hankalina bai kwanta ba, ga ƙannena sun ƙosa su shiga. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Kar ka yarda a yanke ko ɗaya.

Ko an yi waldar da babu irinta, matsalarka tana nan, don ba a sanduna take ba. Gaɓar ciki ta sanda, wadda ke manne da bakin rak, ana so ta faɗo kan layin da hannuwan ƙafa na sama da na ƙasa, wato ƙarafan da ke riƙe taya, ke juyawa a jikin shasi, yadda idan taya ta hau ta sauka duk za su yi tafiya tare. Rak mai faɗi da gajerun sanduna kuwa, kowane rami sai ya juya taya da kansa alhali kana riƙe da sitiyari gam. A kan kwalta mai kyau ba lalle ka ji ba. Ka sauka burji ka nufi ƙauye, nan za ka ga mota tana kwasarka hagu da dama. Ka cire sifirin, ka sa jak ƙarƙashin ƙafa, ka ɗaga ka sauke a hankali kana kallon taya: in bakinta na motsi ciki ko waje, mazaunin rak bai yi ba. Mafita ita ce ka nemo rak mai daidai faɗin shasinka, ko ka kai wannan wajen mai injin sassaƙa ƙarfe ya rage shi ta ɓangaren da ba haƙora, ya fitar da sabon zare irin na noti, inda za a ɗaura sanda.

To, ga abin da ke ci mini rai. Kusan kullum sai an kawo mini mota da sandar sitiyari mai tabon walda, an shafe shi da baƙin fenti, ko hannun sitiyari da aka gasa da wutar gas ya yi ja aka lanƙwasa da guduma. Ka yi magana a ce maka «ai ƙarfe ƙarfe ne», ko «shekara nawa muna yi ba a mutu ba». Wa ya faɗa wa mai wannan magana? Wanda sanda ta karye masa a hanyar Dan Isa ba ya dawowa rumfar mai walda ya ba da labari. Waɗannan sassa an ƙera su an ba su zafi da sanyi bisa awo tun daga masana'anta. Wutar walda tana rusa wannan, ta bar gefen ɗinkin da gautsi. Tsaga takan fara siririya a ƙarƙashin fenti, ido ba ya ganinta, girgizar hanya tana ci mata kaɗan kaɗan, kamar wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya har ta tsinke. Ba ƙara, ba alama. A gudun kilomita 60 a awa, mota na cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafarka ta kai birki, taya ta riga ta juya inda ta ga dama. Kuma mai buga sandar da guduma a gabanka ya ce «ka ga, ta kama», gwajin banza ya yi, don bugu ɗaya ba ya nuna gajiyar ƙarfe. Ƙofar gida da taga a bar wa mai walda, sana'arsa ce kuma ya iya. Sitiyari amanar rayuka ce, ta ƙannenka da ta yaron da ke tura baro a bakin titi, kuma Allah zai tambayi wanda ya sani ya yi shiru.

Sauran haɗin: duba kan kowane bulo, wanda ba a buga masa lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9 ba kar ya kusanci ƙafar mota. Notin rotil, wato gaɓar nan mai ƙwallo da ke bakin sanda, a kulle shi da fil ɗinsa na asali, ba ƙusar kafinta ba. Bulon da ke ratsa bushin roba kar ka ɗaure shi tamau sai mota ta sauka kan tayoyinta da nauyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage. Sannan ka karya sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, ka tabbata tiyon birki bai miƙe ba kuma bai goga taya ba. Gwajin farko ka yi shi kai kaɗai, a fili, a giya ta ɗaya, ka dawo ka sake bin notuna ɗaya bayan ɗaya kafin kowa ya shiga.