Batun Walimar Mahaifinka da Gonar Dankali

Ɗana, na ga saƙonka bayan isha'i, na bari gari ya waye don in amsa maka a natse. Ka ce abokan karatun mahaifinka na Jami'ar Jos, 'yan ajin 1988, za su yi masa walima tunda ya cika shekara 35 a aikin gwamnati, kana so ka san ko al'adarmu ce ko ta 'yan boko. Ka kuma ce yana maganar noman dankalin Turawa a wajen Mangu, abin yana maka nauyi, wai a ga wanda ya kai darakta da takalmin roba a kasuwar Farin Gada.

Ritaya dai ba mu gaje ta ba. Kakanka goro ya kawo Jos zamanin haƙar kuza. Da ƙarfi ya ja baya sai ya bar wa yaransa rumfa, ya koma kan buzu daga gefe, amma ba a taɓa kwance huhu ba sai ya ɗaga ganyen ya duba. Haka maƙeri, haka malamin zaure. Aikin albashi ne ya zo da ranar da za a ce ka tattara: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, wadda ta riga zuwa. Farfesa ne ake bari ya kai 70. Mahaifinka ko sittin bai cika ba, ƙarfinsa na nan.

Walima kuwa tamu ce, godiya ce ga Allah da mutum ya fito lafiya, ba a kama shi da kuɗin kowa ba. A yi ta da safe ko bayan la'asar, a yi addu'a, a ci waina da miyar taushe, a watse. Ban da liƙi, ban da kiɗan da zai hana maƙwabta sakat. Abin da ba na so a manta shi ne neman yafiya. Mahaifinka zai miƙe ya roƙi waɗanda ya yi aiki da su gafara, tun daga masinja har direba, domin wanda ya riƙe biro shekara 35 ba ya rasa wanda ya ɓata wa. Abokansa Birom da Angas da suka kwana ɗaki ɗaya a makaranta, a ba su wuri a gaba. Kai kuma ɗan fari ne, kada ka karɓi lasifika kana yabon ubanka a bainar jama'a, da kunya. Ni zan yi magana a madadin gida, kai ka tsaya kan tarbar baƙi da ruwan wanke hannu.

To, batun gona. Na bar aiki a 2011, kuɗin sallamata bai fito ba sai bayan wata goma sha huɗu. Rashin kuɗin ya dame ni, amma bai kai shirun ba. Wayar da ba ta hutawa ta koma kamar an kashe ta. Ƙarfe bakwai na safe sai in sa hula in zauna a zaure cikin sanyin nan na Disamba, ba inda za ni. Gwaggonka ce ta lura na fara faɗa a kan gishirin miya. Abin da ya dawo da ni hayyacina yaran unguwa ne da na tara ina koya musu lissafi kafin jarrabawa. Cikin waɗanda muka gama Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) tare a 1975, masu kiwon kaji da masu sulhun unguwa sun fi masu zaman majalisar hira ƙwari nesa ba kusa ba.

Dubi Janar Gowon, ɗan Filato ne. Bayan an sauke shi a 1975 ya koma aji a Jami'ar Warwick ta Ingila har ya zama dakta, daga baya ya bi ƙauyuka yana yaƙi da ciwon kurkunu, wanda aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013. Farfesa Jega ma da ya gama da hukumar zaɓe a 2015, Jami'ar Bayero ya koma. Wa ya ce girmansu ya zube?

Saboda haka ka saki ranka, ka taya shi. Abu ɗaya za ka sa wa ido: kada ya zuba kuɗin sallamarsa gaba ɗaya a damina guda, don dankali na da ciwon da ke ƙone ganye idan ruwa ya yi yawa. Ya fara da kaɗan, ya nemi iri mai kyau wurin mutanen Bokkos. Idan abokansa sun tambaye ka kyautar da za su yi, ka ce injin ban ruwa da buhunan taki sun fi agogon bango.

Ranar Asabar zan shigo Unguwar Rogo in Allah ya yarda. Ka rubuto mini sunayen ƙananan ma'aikatan ofishinsa, su nake so a fara kai wa goron gayyata. Ka gaida mahaifiyarka.