An ce an gyara harkar lafiya, me ya hana kuɗin magani saukowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana na fama da asma, kuma tun 2023 kuɗin abin shaƙarsa yake ta hawa. Wata rana sai na zaga kemis uku a Mabera kafin in samu. Kullum rediyo na cewa an yi wa fannin lafiya garambawul. Ina amfaninsa gare mu? Daga wata uwa a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. An taɓa abubuwa kam, sai dai gyaran bai iso kantar kemis ba tukuna.

Dala ce tushen matsalar. Yawancin magungunanmu shigo da su ake yi, kuma ko kamfanonin gida irin su Emzor da Fidson, daga Indiya da Sin suke sayo sinadarin haɗawa. Da aka saki naira a Yunin 2023 sai komai ya tashi. A Agustan shekarar kamfanin magani na GSK, mai Ventolin (abin shaƙa na asma) da Augmentin, ya sanar da cewa zai daina sayarwa da kansa a Najeriya, ya bar wa dillalai. Kowane hannu da kaya ya bi kuwa sai ya ɗora ribarsa.

A Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya ɗage harajin shigo da injuna da sinadaran haɗa magani na shekara 2. Masana'antu sun ɗan numfasa, amma dizal da kuɗin mota daga Legas zuwa nan suna cinye rangwamen a hanya.

Ni a ganina inshorar lafiya ce za ta karya farashi. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta ta ga kowa, amma har yau fiye da naira 70 cikin kowace 100 da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a take fita. Mai sayen kwali ɗaya ba ya da bakin tayi. Asusun inshora da ke sayen kwali dubbai shi kamfani ke saurara. Kashi 15 cikin 100 na kasafi da aka yi alkawarin ware wa fannin lafiya a Abuja tun 2001 kuwa, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba.

Kafin nan, Hajiya, ki tambayi likitansa ko zai rubuta ainihin sunan maganin, wato salbutamol idan Ventolin ne, maimakon sunan kamfani. Ki duba lambar NAFDAC a jikin kwali kafin ki biya, sannan ki leƙa ofishin SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Sakkwato, ki ji sharuɗɗan rajista.