Kada ka cire ƙwaƙwalwar motarka tukuna

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Honda Accord ɗinka ta 2008 ce mai silinda huɗu, ka canza mata salansa da bututun shan iska, kana tambaya ko a sake rubuta ƙwaƙwalwarta ta asali, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ko a goya mata ƙaramar na'ura, ko a cire ta a sa wata ƙwaƙwalwar daban ta kamfanoni irin su Haltech ko Link.

Shawarata, bar ta asalin. Ba inji kaɗai take kula da shi ba, tana magana da giya, da makullin tsaro, da esi, da agogunan gabanka. Ranar da ka cire ta, musamman idan giyarka otomatik ce, ka ɗauko wa mai wayarin aikin makonni. Irin su Haltech na wanda ya ɗaura turbo ne ko ya sauya inji ɗungurungum. Ta goyo kuwa ruɗin ƙwaƙwalwa kawai take yi, ta canza saƙon sensa a hanya, kuma sau da yawa motar kan gyara lissafinta ta koma gidan jiya. Sake rubutu ta soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari shi ya dace da kai. Hondata da KTuner suna yin na'urorin wannan aiki, amma ba kowace lambar ƙwaƙwalwa suke karɓa ba. Kuma in gaya maka gaskiya, injin da ba turbo ƙarin da zai samu kaɗan ne, za ka fi jin sa a saurin amsa totur.

Abin da ya fi damuna shi ne fayil ɗin da za a zuba mata, don nan na ƙone hannuna. Ina da Golf 4 mai injin 1.8 turbo. Wani mai laftof ya zuba mini fayil da ya sauke daga intanet, wanda aka tsara don man Turai mai oktan 98, wato ma'aunin juriyar mai ga fashewa da kansa, alhali namu bai kai nan ba. Da sanyin safiya motar kamar ta tashi sama, na yi ta murna. Sai watan Afrilu, rana tsaka, zafi ya haura 40, na kama hanyar Jos da mutum huɗu a ciki. Bayan mun wuce Toro na taka ta a hawa, sai na ji wani ƙas-ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Man ne yake fashewa da kansa a silinda saboda an tura taimin gaba. Da muka kwance filogi a gareji, bakinsa fari fat, fistin ɗaya kuma gefensa ya ɓare. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, don ko kwafin fayil ɗin asali mutumin bai ajiye ba.

Saboda haka kafin kowa ya taɓa motarka, ya fara kwafe na asali ya ba ka a hannunka. Ka sayi agogon auna haɗin iska da mai, mai faɗin karatu. A tafiyar yau da kullum 14.7 za ka gani, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, amma idan ka take totur har ƙasa ya kamata ya sauko wajen 12.5 zuwa 13. In ya tsaya a 14 da wani abu, ɗaga ƙafarka. A yi gwajin da rana, da man da ka saba sha a nan Bauchi, a ɗauki bayanan tafiya a hanyar Dass ko ta Gombe, ana gyarawa kaɗan-kaɗan. A kuma wanke sensar iska tukuna, ƙurar hunturu tana sa ta ƙarya.

Ɗauko hoton lambar da ke jikin ƙwaƙwalwar ka turo, ka kuma faɗa mana irin giyarka.