Tambaya da Amsa: Wai baƙin hoto a fuskar waya yana rage shan caji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanwata ce ta ga na sa hoton furanni masu motsi a fuskar wayata, ta ce wai shi ke cinye min caji, in sa baƙin hoto kawai. Ni kuma kullum ina goge duk manhajojin da na buɗe amma kafin la'asar batir ya yi ja. Gaskiya ne ko surutunta ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ƙanwarki ta yi gaskiya, amma rabi. Hoton nan mai motsi kam cire shi, duk lokacin da kika kunna sikirin wayar na ta aikin zana shi ne, babu hutu. Maganar baƙin hoto kuwa sai an san irin sikirin ɗinki. In AMOLED ne ko OLED, kowane ɗigon haske shi ke haska kansa, to inda hoto ya zama baƙi wuluk ɗigon a kashe yake, ba ya shan komai. In kuwa LCD ne, fitila guda ce a baya tana ci ko baƙi kika sa ko fari, ba abin da za ki rage. Ga gwaji: ki shiga ɗaki mai duhu ki buɗe baƙin hoto, in kin ga sikirin na ɗan haske toka-toka to LCD ne.

Amma ni abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne gogewar nan da kike yi. Mutane da yawa na yi, da an ajiye waya sai a hau share manhajoji kamar ana sharar tsakar gida, alhali mafi yawansu barci suke a ƙwaƙwalwar waya ba sa shan wani abin kirki, da kin goge WhatsApp kuma bayan minti biyar kika sake buɗewa sai ya tashi tun daga farko, wannan tashin ya fi barin sa cin caji. Tun 2015 da Android 6 ta fito akwai tsarin Doze da ke kwantar da manhajoji in an ajiye waya. Ki bar ta ta yi aikinta. Ki shiga setin, wajen batir, za ki ga jerin masu shan cajin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya zaƙe sai ki hana shi aiki a bayan fage ko ki cire shi gaba ɗaya. Manhajojin nan masu cewa za su wanke waya su ƙara mata gudu, su ma a fita da su, talla ce fal a ciki. Sannan ki rage hasken sikirin, sau da yawa shi ne babban ɓarawon.

Tambaya: Malam ina barin waya a caji har gari ya waye, abokina ya ce batir zai fashe. Daga wani ɗalibi.

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗan uwa, wayoyin yanzu suna tsayar da caji da kansu in ya cika. Abin da batirin litiyom, wato irin wanda ke cikin wayoyin, ba ya so shi ne zafi da daɗewa a cike kashi 100. Kar ka tura ta ƙarƙashin filo tana caji, kar kuma ka riƙa buga gem tana jone. iPhone tun iOS 13, tsarin da ke tafiyar da ita wanda ya fito a 2019, tana iya tsayawa a kashi 80 sai dab da lokacin da ka saba tashi ta ƙarasa, Samsung ma na da wajen kare batir a setin, kunna shi. In dai ka ga bayan wayar ya fara kumbura to daina cajin nan take, a canza batir.