Amsa kan Fina-finan Filifin da Littafin da Ya Kamata a Fara da Shi

Assalamu alaikum. Malama, kin yi tambaya ko fina-finan Filifin masu dogon zango da ake nunawa a tashoshin tauraron ɗan'adam suna nuna ainihin rayuwar mutanen ƙasar, kuma wane littafi mutum zai karanta ya fahimci abin da ke faruwa a can. Na shafe shekaru ina kallonsu tare da iyalina, daga baya sha'awar ta kai ni ga littattafansu da bibiyar labaran siyasarsu. A ganina fina-finan suna faɗin gaskiya game da ciwon da ke damun ƙasar, wato tazarar da ke tsakanin gidajen masu gonaki da dukiya da talakawan da ke yi musu aiki, amma maganin da suke kawowa a ƙarshen labari, inda 'yar aiki takan gano cewa ita ce magajiyar gidan da aka ɓatar tun tana jaririya, ba haka yake faruwa a zahiri ba.

Na fara fahimtar haka ne a wani asibiti a Saudiyya lokacin da nake jinyar mahaifiyata, inda wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin take kula da ita. Wata rana ta nuna mini hoton wani ƙaton kwali a wayarta, ta ce tun farkon shekara take cika shi kaɗan-kaɗan da sabulu da takalma da alewa, domin ta aika wa 'ya'yanta kafin Kirsimeti, kuma rabonta da su shekara biyu. Irinta miliyoyi ne a ƙasashen waje, kuɗin da suke aikawa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara.

Littafin da zan ba ki shawara ki fara da shi shi ne Noli Me Tangere na José Rizal, wanda ya rubuta da Sifaniyanci, aka buga shi a Jamus a 1887, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Sifaniya da ya ɗauki shekara fiye da 300. Labarin wani saurayi ne mai suna Ibarra da ya dawo daga Turai da burin gina makaranta a garinsu, sai manyan limaman coci da hukuma suka taso shi gaba. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Sisa, matalauciyar uwa da aka yi wa ƙaramin ɗanta Crispin ƙazafin satar kuɗin coci, ta yi ta yawo tana kiran sunayen 'ya'yanta har hankalinta ya gushe. Har sirrin nan na ɓoyayyen uba da fina-finan yanzu suke yawan maimaitawa yana cikin littafin, sai dai a wurin Rizal bayyanar sirrin ba ta kawo wa kowa gado ko farin ciki ba, baƙin ciki ta ƙara. 'Yan mulkin mallaka sun harbe Rizal a Manila, babban birnin ƙasar, ranar 30 ga Disamba 1896, kuma tun 1956 doka ta wajabta koyar da littattafansa a makarantun ƙasar.

A ɓangaren fim kuwa, ki nemi Ma' Rosa na Brillante Mendoza, wanda ya fito a 2016, wanda kuma jarumarsa Jaclyn Jose ta lashe kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Uwa ce mai ƙaramin shago a unguwar talakawa a Manila, tana sayar da ƙwaya a ɓoye, 'yan sanda suka kama ta da mijinta suka nemi cin hanci, 'ya'yanta suka bazama neman kuɗin ta kowace hanya. A ƙarshe an nuna ta tsaye a bakin titi tana cin abin tsire hawaye na zuba. A shekarar ce Rodrigo Duterte ya hau mulki ya ƙaddamar da yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda alƙaluman hukuma da kansu suka nuna ya ci rayuka fiye da 6,000, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam kuma suka ce adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. A Maris 2025 aka kama shi aka kai shi kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague.

Abin da ya fi damuna a siyasarsu shi ne yadda mulki yake zagayawa a tsakanin gidaje ƙalilan. Jama'a sun cika titunan Manila sun kori shugaban ƙasa Ferdinand Marcos a Fabrairu 1986, amma a 2022 ɗansa ya ci zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'u sama da miliyan 31, 'yar Duterte, Sara, ta zama mataimakiyarsa. Kundin tsarin mulkin 1987 ya haramta gadon mulki tsakanin dangi, amma ya bar wa majalisa ta yi dokar da za ta fayyace shi, ita kuma ta shafe shekara sama da 30 ba ta yi ba, kasancewar yawancin 'yan majalisar daga irin gidajen nan suka fito. Haka nan da wuya ki ga Musulmin tsibirin Mindanao da ke kudancin ƙasar a fina-finan nan, duk da cewa birnin Marawi da ke can ya sha yaƙin wata biyar a 2017, kuma an kafa musu yankin Bangsamoro mai ɗan ƙwarya-ƙwaryar 'yanci a 2019.

Akwai tsohuwar fassarar littafin Rizal ta Turanci kyauta a intanet da sunan The Social Cancer. Babukan farko, na liyafar gidan Kyaftin Tiago, suna tafiya a hankali kuma sunaye sun yi yawa, saboda haka ki daure har ki kai ga babin Sisa, sannan ki dawo mu tattauna abin da kika gani.